HORO NE KO CIN ZALI? NASIHA GA MASU KUJERA A MA'AIKATUN GWAMNATI



Shugabanni da yawa a ofis, idan aka ce suna cin zalin na ƙasa da su, sai su ce ai horo ne, aikin gwamnati ba ya tafiya sai da tsawa. To ina iyakar horo, kuma daga ina zalunci ke farawa?

Horo yana neman gyara aiki, cin zali kuwa yana neman karya mutum. Wanda ya yi sakaci ka ba shi takardar tuhuma bisa ƙa'ida, ka saurari uzurinsa, wannan haƙƙinka ne. Amma ka zagi masinja sa'an mahaifinka a gaban jama'a, ka danne fayil ɗin ƙarin girman akawu don bai yi maka fadanci ba, ka jefa baiwar Allah ƙauye mai nisa don ta ƙi biya maka buƙata, wallahi wannan zalunci ne, ko da an buga masa hatimin gwamnati.

Anas (RA) ya yi shekara 10 yana yi wa Annabi (SAW) hidima, bai taɓa nuna masa ƙosawa ba. Muslim kuma ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Annabi ya roƙi Allah Ya tsananta wa shugaban da ya tsananta wa mutane, Ya sassauta wa wanda ya sassauta. Oga, wace addu'ar kake so ta same ka? Ka tuna fa, salla da azumi ba sa goge haƙƙin bawa. Ranar Ƙiyama da ladanka za a biya.

Kujerar ma aro ce. Shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa, ka sauka, wataƙila takardun fanshonka su faɗa hannun yaron da ka wulaƙanta.

Ku kuma abokan aiki, shirunku ne ke ƙara wa azzalumi ƙarfi. Ku yi masa nasiha a keɓe, in ya ƙi ji ku ba da shaidar gaskiya.

Wanda ake zalunta, kai ƙara ba ya kore haƙuri. Rubuta abin da ya faru da ranarsa, ka nemi shaidu, ka bi matakan ma'aikatarku da ƙungiyar ƙwadago. A Najeriya akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tun 1975, ga kuma Kotun Ma'aikata. Sharaɗi dai, kada ka ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya.

Allah Ya tsare mu da yin zalunci, Ya tsare mu daga azzalumai. Amin.