Biyan Bashi da Bashi: Wa Ke Biyan Rangwamen?

A Birtaniya da Amurka akwai wata dabara da masu bashi kan yi. Mutum yana fama da bashin banki mai ruwa, sai wani bankin ya ba shi katin bashi wanda ba a ɗora wa ruwa har tsawon shekara guda ko fiye. Da kuɗin katin zai biya bashin farko, bayan an cire ladan da kan kai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. In ya kammala biya kafin wa'adi, ya sha. In wa'adi ya cika da saura, ruwan da zai hau kansa yakan zarce kashi 20 a shekara.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Riyadh cikin 2000, ta hana irin wannan kati matuƙar akwai sharaɗin ruwa, ko da mai shi ya ƙudurta biya a kan lokaci. Mu kuwa wata tambaya ce ta dame mu. Banki ba gidan sadaka ba ne. Ya riga ya lissafa cewa cikin masu karɓar katin wasu za su gaza, ko don ciwo, ko don rasa aiki, ko don sakaci kawai. Daga aljihunsu ake fanshe mafi yawan rangwamen da mai tsari ya mora. Shin wanda ya tsira hannunsa tsarkakakke ne? Bai cuci kowa ba, gaskiya ne, bai ma san su ba. Amma da kowa zai biya a kan lokaci kamar yadda ya yi, da tuni bankuna sun janye tayin.