Gulbi Bawa Ne, Waliyyi Ma Bawa Ne

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Yake saukar da ruwa daga sama, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mu bi Gulbin Maraɗi mu ɗauki wa'azi.

Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratso ta Jibiya, ya biyo ƙasar Madarunfa. A can, kewaye da tabki, akwai kusheyin da magabata suka ce na waliyyai 99 ne. Daga nan ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya koma Najeriya ya zuba cikin Gulbin Rima. A gefen Rima akwai Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, aka binne shi a 1837. Gaba kuma ga Sakkwato, mahaɗar Rima da Gulbin Sakkwato, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, Allah Ya jiƙan su.

To, mu lura. Gulbi ba shi ya halicci ruwan da ke cikinsa ba, aiko shi aka yi da shi. Da rani yashi ne, yara na wasa a kai. A 1945 kuwa ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin Maraɗi, sai da mutane suka hau tudu. Ƙafewa da cika duk da umurnin Ubangijinsa ne.

Haka waliyyi yake. Ilimi da tsoron Allah aka ba shi ya shayar da mu, amma bai mallaki arziki ko haihuwa ko waraka ba. Saboda haka wanda ya yanka baƙin akuya a bakin gulbi don iskoki, ko ya durƙusa gaban kushewa yana roƙon mai ita ɗa, ya saka imaninsa cikin haɗari, alhali imani ne guzurin kabari.

In mun je ziyara, mu yi sallama, mu roƙa masu gafara, mu tuna namu kwancin, bukatunmu kuwa mu kai su ga Allah. Girmama Shehu da Bello shi ne karanta littattafansu, da tura ɗiyanmu makaranta, maza da mata.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kashe mu cikin tauhidi. Amin.