Wa Ya Fara? Haske, Jirgin Ƙaura da Maganar "Kowa da Gaskiyarsa"

Akwai maganar da ta yi yawa a bakinmu a 'yan shekarun nan, musamman idan hira ta gangaro kan rikicin da ya addabi Zamfara: "Kowa da gaskiyarsa." Manomi da tasa, makiyayi da tasa, ɗan sa-kai da tasa, har wanda ya ɗauki bindiga ya shige daji ana cewa yana da tasa. Wasu 'yan bokonmu kan ƙara wa miyar gishiri, su ce ai kimiyya ma ta tabbatar, tunda Albert Einstein ya nuna komai ya danganta da inda mai kallo yake. Kafin mu haɗiye wannan magana, ya kamata mu duba abin da mutumin ya faɗa, domin ya kusa zama kishiyar abin da ake jingina masa.

Einstein ya yawaita kawo misali da jirgin ƙasa, mu kuwa mutanen Ƙaura Namoda ba baƙin jirgi ba ne. Tun 1929 layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Gusau, ya tuƙe a garinmu, ana lodin gyaɗa da auduga. To, mu ɗauka jirgi na gudun kilomita 40 a awa, sai yaro a cikin tarago ya jefa lemo gaba da gudun kilomita 20. A wurin yaron gudun lemon 20 ne, a wurin wanda ke tsaye a tasha kuwa 60 ne. Wannan hankali ya ɗauka. Amma idan tocila yaron ya haska, lissafin ya rushe. Shi da na tasha, kowa zai auna gudun hasken ya samu abu ɗaya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ko da jirgin na gudun rabin na hasken kansa. A 1887 Michelson da Morley sun nemi bambancin gudun haske a gwajinsu a Amurka, ba su samu ba. A 1905 Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern, ya ɗauki rashin canjawar gudun haske a matsayin tushe, ya bi abin da zai haifar.

Abin da ya haifar na da ban mamaki. Idan gudun haske ba ya lanƙwasuwa, dole lokaci da tsawo su lanƙwasu. Matafiyin da ke gudun kashi 87 cikin 100 na gudun haske, in agogonsa ya cinye awa ɗaya, mu da ke gida za mu ƙirga awa biyu. Abin da idonsa ke gani ma sauyawa yake. Duk wanda ruwa ya taɓa kamawa a kan babur tsakanin Ƙaura da Shinkafi ya san ruwan da ke sauka a miƙe, fuska yake dukan mai gudu, kamar daga gaba yake zuwa. Haka hasken taurari ke yi wa wannan matafiyi. Taurarin da ke damansa da hagunsa za su taru su cunkushe a gabansa, rabin sararin sama ya matse cikin digiri 30 daga inda ya dosa. Na gaban su ƙara ƙyalli su karkata zuwa shuɗi, na bayan su ja baya zuwa ja, su dusashe, kamar yadda kukan jirgi ke yin siriri in ya doso mu, ya yi kauri in ya wuce.

Mafi tayar da hankali shi ne batun "lokaci ɗaya". A ce aradu ta faɗi a kan jirgi da wutsiyarsa. Wanda ke tsaye a ƙasa daidai tsakiya ya ga walƙiyar biyu tare. Fasinjan da ke tsakiyar jirgin yana tafiya ne wajen hasken gaba, don haka shi ya fara iso masa, kuma da yake gudun haske ɗaya ne a wurinsa, lissafinsa zai ce ta gaba ce ta riga faɗuwa. Babu maƙaryaci a cikinsu. A nan masu cewa kowa da gaskiyarsa ke tsayawa su tafa.

Da sun ƙarasa karatun, da sun ga iyaka biyu. Ta farko, saɓani kan wanne ya riga yana yiwuwa ne kawai tsakanin abubuwa biyu da ko haske bai isa ya kai saƙo daga ɗaya zuwa ɗaya ba, wato waɗanda babu wanda ya jawo ɗan'uwansa. Inda wani abu ya haddasa wani, duk masu kallo, komai gudunsu, sun haɗu a kan tsari ɗaya. Babu matafiyin da zai ga mutum ya faɗi kafin a harba harsashin da ya kayar da shi. Ta biyu, ganin fasinja da na mai tasha ba a kulle suke ba. Akwai lissafi, mai ɗauke da sunan Lorentz, wanda kowannensu zai bi ya fitar da ainihin abin da ɗayan ya auna. Bambancinsu fassaruwa yake, saboda duniya ɗaya suke kallo.

Kimiyyar haske ba ta yanke hukuncin halal da haram, kuma ba mu ce ta yanke ba. Amma tunda an kira ta shaida, to a saurari shaidarta duka. Gaskiya ne wanda aka cinye masa gero a gona da wanda aka nome masa burtali ba wuri ɗaya suke tsaye ba, kuma kowannensu kan fara ƙirga tarihi daga ranar da aka cuce shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai neman fansa kuma ya yi kama da matafiyin nan mai tsananin gudu: abin da ya dosa ya cika masa ido, abin da ya baro a baya, har da ɓarnar hannunsa, ya dusashe. Duk wannan bambancin matsayi ne, kuma wajibinmu ne mu yi wahalar fassara shi, mu zauna mu ji yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren.

Sai dai matar da aka sace a hanyar Zurmi, daga kowane matsayi an sace ta. Kuɗin fansar da aka sayar da gona aka biya, adadinsa ɗaya ne a gari da daji. Bafillacen da aka kashe a kasuwa don kamanninsa kawai, jininsa ba ya canja launi don mai ba da labari ya canja.

Wani zai ce masu faɗin "kowa da gaskiyarsa" zaman lafiya suke nema, kuma tone-tone ba ya kawo sulhu. Niyyar tana da kyau. Amma mun ga sulhun 2019, mun kuma ga Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako. Dalilan rushewarsa na da yawa, sai dai muna ganin duk sulhun da bai tsaya ya tantance wa ya yi me ga wa ba, ya bar wa maraya da gwauruwa ciwon da za su riƙe su kaɗai. Yafiya ma sai an ambaci laifi take samun wurin zama.

Saboda haka idan an ce mana kowa da gaskiyarsa, mu tambaya: wace iri? Idan ta inda mutum ya tsaya ce, mu matsa mu tsaya tare da shi mu gani. Idan kuwa ta wanda ya harba da wanda ya faɗi ce, wannan ɗaya ce tak, kuma bashi ce a wuyanmu har sai mun faɗe ta.