Waiwaye Adon Tafiya: Tunani a kan Lambu da Littafinsa

'Yan'uwa, a ƙarshen watan Nuwamba na 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe, gwamnatin Jihar Kaduna kuwa ta sanar da sulhu tsakaninta da waɗansu daga cikin 'yan bindigar da suka mai da daji gidansu. Wannan daji mun san shi. Tun 1936 aka keɓe Kamuku ya zama gandun daji a ƙarƙashin En'e, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ya shiga cikin gandayen ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. An keɓe shi ne domin itatuwa da namun dawa, amma shekaru suka zo da ya zama maɓoyar masu kisa da satar mutane. Ba mu manta da Gwaska ba, inda aka kashe mutum fiye da 40 a watan Mayu na 2018. Bayan sulhun, iyalai da dama suka ɗaure kayansu suka koma gonakin da suka gudu suka bari.

Wanda ya koma ya tarar da ƙasarsa tana nan inda ya bar ta, sai dai ciyawa da sabon toho sun rufe kunya da fangali. Abin da bai tarar ba shi ne sanin da ke tafiya da ƙasar. A yawancin gidajenmu akwai mutum guda, tsoho ko tsohuwa, wanda ya riƙe tarihin kowane lungu na fadama a kansa: inda ruwa ke kwanciya, inda albasa ta taɓa ruɓewa, inda aka yi tumatir shekara uku a jere har ya daina yi. Waɗansu daga cikin tsofaffin nan an kashe su, waɗansu sun mutu a gudun hijira a Kaduna ko Zariya, waɗansu suna raye amma ba za su koma ba. 'Ya'yansu suka tsaya a bakin fadama da fartanya, ba su da wanda za su tambaya.

Wannan ne ya sa muka fara ba da shawara cewa kowane mai lambu ya sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya zana lambunsa a shafin farko, ya riƙa rubuta abin da ya shuka a kowane fangali, da ranar, da abin da ya biyo baya. Mun ɗauka magana ce mai sauƙi. Sai wani dattijo, mutum mai hankali da tsoron Allah, ya tare mu da tambayoyi biyu da suka hana mu barci. Ya ce, wanda bai san ko zai kwana a ɗakinsa gobe ba, da wane ƙarfin hali zai zauna yana tsara abin da zai shuka baɗi da baɗin baɗaɗa? Ya kuma ce shi bai taɓa ganin an ƙirga albarka ta zauna ba. Abin da Allah ya ba ka, ka ci ka gode, kada ka bi shi da alƙalami kamar mai bin bashi.

Ba mu raina wannan magana ba, domin tana da tushe. Mutanenmu ba su son ƙirga 'ya'ya ko dabbobi a bainar jama'a, kuma a Littafi Mai Tsarki ma akwai labarin Sarki Dawuda da ya sa aka ƙidaya mayaƙansa, abin ya zama masa zunubi da annoba. Akwai lissafin da girman kai ke haifarwa, wanda mutum ke yi don ya ji cewa ya wadatu da kansa. Dattijon nan ya ga masu rumbuna cike da masara sun wayi gari ba su da ko tabarma. Idan irin wannan mutum ya ce gobe ba a hannunmu take ba, daga abin da idonsa ya gani yake magana.

Amma bari mu dubi abin da ke faruwa a cikin ƙasa, domin ita ƙasa tana tunawa ko da mai ita ya manta. Tumatir da tattasai da attarugu da gauta da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, kuma cututtukansu ɗaya. Akwai waɗansu tsutsotsi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna shiga saiwa su sa ta yi ƙulli-ƙulli, shuka ta tsumbure ta yi yaushi ko da ana ba ta ruwa. Akwai kuma ciwon da ke sa tumatir ya yanƙwane farat ɗaya alhali ganyensa kore ne, ƙwayar ciwon kuwa tana zaune a cikin ƙasa tana jiran shekara mai zuwa. Wanda ya cire tumatir ya dasa tattasai a wurin yana tsammani ya sauya, alhali abinci ɗaya ya sake zuba wa abokin gaba. Kuɓewa ma tsutsotsin nan suna cinta. Magani mafi araha shi ne a bar fangalin shekara biyu ko uku ana sa masa abin da ba danginsu ba, kamar masara ko albasa, a kuma ratsa da gyaɗa, wadda saiwarta ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. To, ta yaya mutum mai fangali 30 zai tuna abin da ya sa a kowanne shekaru uku da suka wuce, balle ɗan da ya gaji lambun bayan gudun hijira?

Haka kuma zancen iri da lokaci. Irin albasa ba ya jimre ajiya; idan ya haura shekara, tsirowarsa takan ragu ƙwarai, wanda bai rubuta ranar da ya sussuke shi ba zai yafa a banza ya zauna jira. Tumatir na son sanyin hunturu, idan aka yi jinkirin dashe ya faɗa cikin zafin Maris da Afrilu sai furensa ya kaɗe. Muna tuna 2016, shekarar da tsutsar da manoma suka raɗa wa suna sharon ta cinye tumatir a Kaduna da Kano da Katsina, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Littafi ba zai kori tsutsa ba. Amma wanda ya rubuta watan da ta bayyana, da maganin da ya fesa bai yi aiki ba, da fangalin da ya tsira, ba zai sake zuba kuɗinsa a rami ɗaya sau biyu ba.

Idan muka auna wannan, sai mu ga cewa lissafi iri biyu ne. Dawuda ya ƙirga ƙarfinsa. Yusufu kuwa a ƙasar Masar ya ƙirga shekarun ƙoshi da na yunwa, ya tara hatsi a birane, mutane suka rayu, har da 'yan'uwan da suka sayar da shi. Dukansu sun yi aiki da lamba, abin da ya raba su shi ne wanda aka yi lissafin dominsa. Littafin lambu, in an rubuta shi da gaskiya, ba ya ciyar da girman kai, domin rabinsa kurakuran mai shi ne. Mu da kanmu mun ɗanɗana. A ɗan lambun da ke bayan gidanmu mun shekara biyu muna zargin mai sayar da iri saboda tattasanmu ya ƙi, har mun faɗi maganganu a kansa da ba su dace ba. Ran da muka buɗe shafukan baya muka ga cewa tumatir muka yi a wurin kafin nan, sau biyu a jere, kunya ta kama mu. Mutumin ba shi da laifi, kuma da ba don rubutun ba da har yau muna ɓata masa suna.

Nan ne maganar ta zama ta lamiri. Zuciyar ɗan Adam gwanar gyara labari ce: shekarar da aka samu, wayonmu ne; shekarar da aka rasa, laifin ruwa ne, ko na maƙwabci, ko sammu. Rigingimu nawa ne suka tashi tsakanin wa da ƙane, ko tsakanin mai gona da mai aro, saboda kowa ya tuna abin yadda ya fi masa daɗi? Abin da aka rubuta a ranar da ya faru, kafin a san yadda ƙarshe zai kasance, shaida ne da ba ya karɓar toshiyar baki.

Akwai wani firist da ya kamata mu ambata, Fada Gregor Mendel, ɗan ƙungiyar Augustine mai tsarki a birnin Brno, cikin ƙasar Cek ta yanzu. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka wani irin wake na ƙasarsu a lambun gidan sufaye, tushe wajen 28,000, yana rubuta tsawon kowanne da launin ƙwayarsa da siffarta. Daga wannan ƙirga ya gano ƙa'idar yadda 'ya'ya ke gadon kamannin iyaye. Ya buga sakamakon a 1866, kusan ba wanda ya kula. Ya rasu a 1884, sai a 1900 masana suka waiwayi rubutunsa suka gane darajarsa. Ingantaccen irin da cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, masara ko dawa ko wake, a kan ilimin da ya faro daga wannan lambu ake gina shi. Abin da ya fi taɓa mu a labarin shi ne, mutumin bai ga amfanin littafinsa da idonsa ba. Waɗansu ne suka ci moriyarsa.

Da wannan muka koma ga tambayar dattijo ta fari, wadda ta fi nauyi. Gaskiya ne ba wanda zai rantse cewa zaman lafiya zai ɗore, kuma ba mu da ikon ce wa kowa ya kwantar da hankalinsa. Sai dai muna ganin rashin tabbas ɗin ne ma ya sa rubutun ya zama wajibi. Lokacin da ake zaune ƙalau, uba na da shekara 20 da zai koya wa ɗansa fadama a hankali, suna tafe suna hira. Yanzu ba wanda ya san ko yana da wannan lokacin. Littafin da zai shiga aljihu, idan gudu ya kama, yana iya tafiya tare da yaro inda rumbu da rijiya ba za su bi shi ba. Shi dattijon ma, da muka lura, ya ɗaure irin rama da na yakuwa a tsumma ya rataye a ɗaka. Wanda ya ajiye iri ya riga ya yi shirin baɗi, ko da bakinsa bai faɗa ba, kuma ba mu ji wani ya kira wannan rashin dogara ga Allah ba.

Akwai tsoro guda da ba za mu rufe ido a kansa ba. A shekarun da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi, takardar da ke nuna buhu nawa mutum ya samu tana iya zama masa wuƙa. Saboda haka shawararmu ita ce kada a rubuta kuɗi ko yawan buhuna a littafin lambu. A rubuta abin da ƙasa ta yi: me aka shuka, ina, yaushe, wane taki, wace cuta, ya yi kyau ko bai yi ba. Wannan ba ya amfanar ɓarawo da komai.

Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya zana, ko ya sa jikarsa 'yar firamare ta rubuta masa, ita ma ta koya. Iyayenmu mata, waɗanda su ne masu alayyafo da lalo da kuɓewa a bayan ɗaki, kada a manta da nasu shafin. Ga waɗanda suka koma kwanan nan kuwa, hikima ita ce a fara kusa da gida da abin da ke nuna da wuri, alayyafo da ake yanka cikin wata guda, kuɓewa cikin wata biyu, kafin a zuba jari a fadama mai nisa.

Dattijon bai ce ya yarda da mu ba, mu ma ba mu matsa masa ba. Amma da muka koma gaishe shi bayan kaka, mun tarar da shi zaune a gindin mangwaro da jikansa, yaron riƙe da fensir, tsohon yana nuna masa da sanda yana cewa ya rubuta: daga tsamiya zuwa bakin rafi kada a sa albasa, ruwa na kwanciya a wurin tun zamanin mahaifinsa.