Zarto ko Bindiga: Tambayar da Kawu Ya Yi Mini

Aikina magana ne. Shekaru ke nan ina zama a ɗakin watsa shirye-shirye a Paraku, masu saurare suna bugo waya da tambayoyi, ni kuma ina ba da amsa ko in nemo wanda zai bayar. Amma tambayar da ta hana ni barci a bana ba a rediyo aka yi mini ita ba. A zauren kawuna aka yi ta, a Jugu, garin da ake rubutawa Djougou, bayan sallar isha'i.

Kawu manomi ne. Ya sayar da yazawa da waken suya, ya biya kuɗin makarantar yara, ya ware na taki, ya sallami masu binsa bashi, sai jika 250 na sefa suka yi saura. Ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, ba ni shawara. Injin zarto zan saya ko bindiga?"

Na yi dariya na ce, "Haba Kawu, wannan ai ba abin tambaya ba ne. Ɗaya kayan sana'a ne, ɗaya kayan kisa." Ya dube ni ya ce, "Duka biyun kisa suke yi. Je ka yi tunani."

Na yi tunanin, kuma ga inda ya kai ni.

Mu fara da bindiga, mu kuma yi wa Kawu adalci. Gonarsa tana nesa da gari, kuma an taɓa kwance masa shanun noma cikin dare. Ga labaran da ke gangarowa daga arewa. A watan Mayu na 2019 aka sace Faransawa biyu a gandun dajin Pendjari, aka kashe ɗan ƙasarmu da ke yi musu jagora. A ƙarshen 2021 aka kai wa sojoji hari a Porga, cikin jihar Atakora, maƙwabciyar jihar Donga inda Jugu yake. A watan Afrilu na 2025 gwamnati da bakinta ta tabbatar da mutuwar sojoji 54 a yankin gandun dajin W. Wanda ya ji wannan ya so ya kare iyalinsa, babu mai ce masa matsoraci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai dai a tambaya: wannan bindigar, wa za ta harba? Ba za ta tari mutanen da suka tunkari sansanin soja ba. Inda za ta kwana shi ne bayan ƙyauren ɗakin Kawu, a gidan da ke da samari uku. Rani zai zo, abokai za su kira su farauta kamar yadda matasan Paraku ke fita a ƙungiyance duk shekara. Wata rana garke zai faɗa gona, faɗan da a da yake ƙarewa da zagi da ɗaga sanda ya sami abin da ya fi sanda. Wani dare za a ji motsi a cikin masara, a ɗana, a harba, gari ya waye a ga yaron maƙwabci ne. Ga kuma hukuma: riƙe bindiga sai da lasisi, kuma tun 2018 akwai kotun CRIET mai shari'ar laifukan ta'addanci. A wannan zamani na zargi, talakan da aka kama da makami babu takarda zai daɗe yana bayanin da babu mai sauraro.

Kakanninmu ma sun san tsoron hanya. Jugu babban zango ne na fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja. Akwai makamai a cikin ayari, amma akwai madugu, akwai jagaba, kuma ba kowa ke yanke wa kansa lokacin faɗa ba. Tsaro na jama'a ne, yana da shugaba da ƙa'ida. Tsoron da aka raba da mutane yakan zama shiri, wanda mutum ya kulle a ɗaki shi kaɗai kuwa yakan zama hatsari.

Da na kai nan sai na ɗauka na gama, zarto ya yi nasara. Hanyar komawa gida ce ta ƙaryata ni. Duk wanda ya bi titin Jugu zuwa Paraku ya san buhunan gawayi da ke jere a bakin hanya. A wajen Beteru, inda ake tsallake kogin Weme, manyan dazuzzukan gwamnati ne dama da hagu, har da na Wari-Maro. Lokacin da nake yaro, idan mota ta shiga wurin sai ka ji sanyi ya sauko. Yanzu kututture ne ke kallon matafiyi a wurare da yawa. An yi shekaru ana sare madobiya ana lodi zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga can sai ƙasar Sin, har ta kai a 2017 aka sa itacen cikin waɗanda yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin duniya. Dokar gandun daji ta 1993 ta hana tsaga katako da wannan inji, amma ƙararsa ba baƙuwa ba ce a kunnen mutanen ƙauye. Kowace 1 ga Yuni mukan yi bikin ranar dashen itace, mu 'yan jarida mu ɗauki jawabai, washegari inji ya ci gaba da aikinsa.

A nan na gane abin da Kawu ke nufi. Bindiga tana iya shekara ashirin a rataye ta yi tsatsa, mai ita ya gode wa Allah. Inji ba haka yake ba. An saye shi ne don ya mayar da kuɗinsa, kuma ba ya mayarwa sai ya ci. Yau busasshen itace, gobe kawo da maɗaci, jibi idan waɗannan sun yi nisa sai a waiwayi kaɗanya da ɗorawa, waɗanda matan gidan ke samun man kaɗe da daddawa daga gare su. Wanda bindiga ta kashe yana da suna, ana yi masa jana'iza. Wanda inji ya cuta ba a ganin fuskarsa: matar da za ta ƙara tafiyar sa'a guda neman itacen girki, da jikan da zai gaji gona babu inuwa. Zunubin da ba ya zubar da jini ya fi saurin zama sana'a.

Akwai abin da ya haɗa kayan nan biyu: dukansu suna taƙaita tazarar da ke tsakanin niyya da aiki. Mai gatari yakan wuni a gindin babban itace. Hannu zai gaji, zai zauna ya sha ruwa, wani dattijo zai wuce ya ce masa, "Wannan kakanka ya bar ta, bar ta." Mai sanda ma kafin ya yi mummunan rauni an riƙe shi. Inji yana gamawa cikin mintuna, kunamar bindiga cikin ƙiftawar ido. Wannan tazarar da suke cinyewa, a cikinta kunya take zaune, da shawara, da nadama tun kafin a yi ɓarna. Wanda zai sayi abin da ya fi hankalinsa sauri, dole ya gama tunaninsa tun kafin ya biya kuɗi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Shi ya sa nake ganin rarar kuɗi ta fi kuɗin buƙata nauyi. Kuɗin hatsi da na magani, larura ce ke kashe su, ba mu ba. Abin da ya yi saura shi ne kaɗai muke da zaɓi a kansa, don haka shi ne ke nuna ko mu wane ne. Malamai suna tuna mana cewa za a tambayi mutum inda ya samo dukiyarsa da kuma inda ya kai ta. Mukan kula da rabin farko, mu manta na biyu.

Bayan mako biyu na koma Jugu. Na ce, "Kawu, ka yi gaskiya, duka biyun kisa suke yi. Amma ba ɗaya suke ba. Itace ana dasa wani, ko da za a jira shekara talatin. Rai ba a dasa shi. In dole sai ɗaya, ka sayi zarto, amma ka yi masa iyaka tun yau, a gaban 'ya'yanka. Ka nemi takarda wurin ma'aikatan gandun daji. Kada ya taɓa sai abin da hannunka ya dasa ko wanda ya bushe da kansa. Kada ya kusanci kaɗanya da ɗorawa. Kada ka ba da shi haya ga wanda ba ka san dajin da zai shiga ba. Maganar tsoro kuma, ka kai ta wurin mai unguwa da maƙwabtanka na gona, har da Fulanin da ke kusa da ku, don su ma a tsorace suke kwana."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To in ya cinye abin da na dasa, ya ce bai ƙoshi ba fa?"

Na ce, "Ranar za a san wa ya sayi wani, kai ko shi."

Kawu bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba. Ya ce a bari damina ta wuce. Har na baro Jugu kuɗin suna nan a ƙulle cikin akwatinsa. Amma da zan hau mota, ya tambaye ni ko na san inda ake sayar da irin itacen dashe mai kyau a Paraku, da kuma nawa ake ba da ɗari.