Hayaƙin Murhu da Amanar Iyali

A 1 Sarakuna sura 17, Annabi Iliya ya isa ƙofar garin Zarefat a lokacin fari, ya tarar da wata gwauruwa tana tsintar itace domin ta dafa ɗan garin da ya rage mata, ita da ɗanta. Kusan shekaru dubu uku sun shuɗe, amma har wa yau 'yan'uwan wannan gwauruwa suna nan birjik a Afirka da Asiya, suna fita da asuba neman abin hura wuta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane sama da biliyan 2 suna dafa abinci da itace, gawayi, kara, kashin shanu ko kananzir. Ta kuma ce a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2, cikinsu har da yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Hayaƙi yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, masu shiga can cikin huhu, su kawo ciwon huhu, tari mai naci, ciwon zuciya da yanar ido. Gawayi kuwa, ko da ba a ga hayaƙinsa ba, yana fitar da iskar guba marar wari, wadda takan kashe masu barci idan an shigar da shi ɗaki an rufe ƙofa a lokacin hunturu.

Wane ne ke shaƙar wannan hayaƙi? Uwargida ce, da jaririn da ke goye a bayanta, da 'yarta mai fifita wuta. Maigida yakan zauna a inuwa har a kawo masa tuwo. A Afisawa 5:25-29 Manzo Bulus ya umarci maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya, su kula da su kamar jikinsu. Mijin da yake jin tarin matarsa kowane dare, ya kuwa sami kuɗin sabuwar wayar hannu amma bai taɓa leƙa madafa ba, yana da abin da zai tuba a kai.

Gaskiya ne gas da kananzir sun yi tsada, iyalai da yawa kuma sun koma ga itace ba da son ransu ba. Talauci ba zunubi ba ne. Duk da haka akwai abin da kowane gida zai iya yi. A buɗe taga a madafa, ko a yi girki a fili. A shanya itace ya bushe sosai, gama ɗanye ya fi hayaƙi. A rufe tukunya, a jiƙa wake kafin a ɗora. A sauke jariri daga baya, a ajiye shi nesa da murhu. Murhu mai tattalin itace yana rage yawan abin da ake ƙonawa. Zumuntar mata za ta iya yin adashi domin kowace ta samu, mai hali kuma ya sayi ƙaramar tukunyar gas.

Akwai kuma hakkin ƙasa. Farawa 2:15 ta nuna Allah ya sa mutum cikin gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Iyalin da ya sare itace ɗaya, bari ya dasa biyu. Majami'ar da take da fili, bari matasanta su dasa itatuwa da damina.

Allah wanda ya ga gwauruwar Zarefat, bai bar tukunyar garinta ta ƙare ba, yana ganin kowace mace da ke durƙushe gaban murhu. Bari ikkilisiyarsa ma ta gan ta. Ubangiji ya ba iyalai hikima da lafiya. Amin.