Ɗan Kunne da Kasa Kunne



Kwanakin baya wata 'yar'uwarmu, sabuwar amarya, ta yi Lahadi uku ba ta zo sujada ba. Da muka je duba ta ni da matata, sai ta kwance bakin zanenta ta nuna mana 'yan kunne guda biyu, irin waɗanda 'yan koli ke bajewa a kasuwar Shuwarin. Ba zinariya ba ce, ko kusa. Mahaifiyarta ce ta saya mata kafin ta rasu. Ta ce, "Baba, wata mama ta ce da waɗannan a kunnena ba zan ga mulkin Allah ba. Na cire, amma na kasa jefarwa. Gaskiya ta faɗa?"

Ban amsa mata nan take ba. Na koma gida na ciro littafina na Helenanci, wanda gara ta fara ɗanɗana tun bayan da na bar makarantar tauhidi. An ce kunne ya girmi kaka, to bari mu ji abin da tsofaffin kalmomi za su gaya mana.

Helenawa suna kiran kunne ous, ana furta shi "us". Ɗan kunne kuwa enotion ne, wato en, ma'ana "cikin", haɗe da kunne: abin da ke cikin kunne. Mu Hausawa mun dube shi kamar ɗa ne kunne ya goya, su kuma suka dubi inda yake zaune. Sa'ad da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka juya Attaura zuwa Helenanci, wajen shekara 250 kafin haihuwar Almasihu, da wannan kalma suka fassara 'yan kunnen Isra'ilawa.

Ita ce a Fitowa 32, inda Haruna ya sa aka cire 'yan kunnen zinariya na mata da na yara ya ƙera ɗan maraƙi. Masu cewa ɗan kunne zunubi ne a nan suke kafa hujja. Amma ku juya shafi kaɗan. A Fitowa 35:22 kalmar ta sake fitowa, cikin kayan da maza da mata suka kawo da yardar rai domin aikin alfarwar sujada. Jama'a ɗaya, jeji ɗaya, ado iri ɗaya, sura uku kawai tsakani. Wani ya zama gunki, wani ya shiga wurin da Allah ya sauko da ɗaukakarsa. In laifin a ƙarfen yake, da Musa bai karɓi na biyun ba.

To ina laifin yake? Akwai wata kalma, 'yar'uwar enotion, uwa ɗaya uba ɗaya: enotizomai. Gininsu ɗaya ne, "cikin" da "kunne", sai dai wannan aikatawa ce: sa magana cikin kunne, abin da muke kira kasa kunne. Sau ɗaya tak ta fito a Sabon Alkawari duka. Kun san ina? Ayyukan Manzanni 2:14, ranar Fentikos, a bakin Bitrus, lokacin da ya miƙe tare da sha ɗayan ya roƙi taron su saurare shi. Mu da muke ɗauke da sunan wannan rana mun fi tuna iska da wuta da harsuna. Amma wa'azin farko na ikkilisiya da neman kunne ya fara, kuma mutum wajen 3,000 suka ba da nasu a ranar.

Yanzu ku sāke duban maraƙin Haruna. Mutanen nan sun riga sun ji muryar Allah a Dutsen Sina'i yana hana su yin gunki. Kwana arba'in kawai Musa ya yi a bisa dutsen. Zinariya ta zauna a kunnuwansu, magana ba ta zauna ba.

Harshenmu ma ya san wannan. In uba ya ce ɗansa ba ya jin magana, ba kurma yake nufi ba. Kunnen ƙashi gare shi. Haka yake a Helenanci. Ji shi ne akouo. Biyayya hupakoe ce, ji daga ƙarƙashi, kamar yadda yaro ke durƙusawa gaban babba. Rashin biyayya kuwa parakoe, ji a kaikaice, magana ta goga gefen kunne ta wuce. Bulus ya jera su biyun a Romawa 5:19, ɗaya ta Adamu, ɗaya ta Almasihu. Abin da ya fi taɓa ni, aikatau ɗin wannan kalma ta biyayya shi Luka ya yi amfani da shi ga Roda, baranyar da ta taso zuwa ƙofa da Bitrus ya ƙwanƙwasa, a Ayyukan Manzanni 12. Jin da ke tayar da mutum daga zaune ke nan.

Kada wani ya ce na wanke ado sarai. Yakubu ya binne 'yan kunnen gidansa tare da gumaka a gindin itace kusa da Shekem. Bitrus da Bulus duk sun ja kunnen mata a kan dogara ga kitso da zinariya da tufafi masu tsada, ko da yake in hani ne baki ɗaya, to sa tufafi ma yana cikin jerin Bitrus. Mamar da ta yi wa amarya magana ma ba mugunta ta yi ba. Na san tarihinta. Daga gidan tsafi ta fito, ranar da ta ba da gaskiya ta ƙone layu da guraye, ta cire duk abin da ke jikinta. A wurinta ɗan kunne kayan Shekem ne, kuma daidai ta yi da ta rabu da nata. Inda ta yi kuskure shi ne ɗaukar nata Shekem ta ɗora wa yarinyar da abin hannunta tunawa da uwa ne kawai, har ta rufe mata ƙofar da jinin Yesu ya buɗe.

Mu maza kuma da muke saurin leƙen kunnuwan mata, namu fa? Ba huda, ba ƙarfe, amma daga teburin mai shayi zuwa wayar hannu, gulma da tsegumi suna rataye a ciki tun safe. Ni kaina an yi kwanaki da na saurari rediyo awa biyu, Maganar Allah minti biyar.

Na koma wurin amarya na gaya mata abin da na gaya muku. Na ce, "'Yata, in lamirinki ya hana ki, ajiye su a akwati, ba sai kin jefar ba. In bai hana ki ba, ba ni da aya da zan hana ki da ita. Amma Lahadi ki zo." Na kuma zauna da mamar, zama mai tsawo. Ba ta yarda da ni duka ba, ta dai ce za ta yi addu'a a kai.

Amarya ta dawo sujada. Ɗankwalinta ya rufe kunnuwan, ban san ko ta sa ba, ban kuma tambaya ba. Har yanzu ita da mamar ba benci ɗaya suke zama ba. Zumuntar mata, ku sa su biyun cikin addu'arku ta wannan mako.